Asia for Educators: inda malamin tarihi zai koyi Gabashin Asiya kyauta

Yawancinmu masu koyar da tarihi a sakandare mun fito daga kwaleji mun san daular Borno da jihadin Shehu da mulkin mallaka, amma da ɗalibi zai tambayi yadda Japan ta zama Japan ta yau, sai a yi ta kame-kame. Ga shi kuma wayar da ke aljihun yaron da babur ɗin da ya kawo shi makaranta galibi daga Gabashin Asiya suke fitowa. Wannan giɓin ne ya kai ni ga Asia for Educators, shirin da cibiyar Weatherhead ta nazarin Gabashin Asiya a Jami'ar Columbia da ke New York take gudanarwa a intanet. Ba a biyan ko sisi.

Jami'ar tana cikin gamayyar NCTA, wadda aka kafa a 1998 da tallafin gidauniyar Freeman domin horar da malaman makarantun Amurka kan tarihi da al'adun Sin da Japan da Koriya. Su aka shirya wa bitocin gamayyar, amma kayan karatun Columbia a buɗe suke ga kowa, kuma a kansu nake magana.

Abin da ya fi kama ni shi ne takardun asali. Ba sa ba ka labari a dunƙule ka je ka kwafa a allo. Takardar da mutanen zamanin suka rubuta da kansu ake kawo maka, an fassara ta zuwa Turanci, da gajeriyar shimfiɗa a sama da tambayoyin tattaunawa. Akwai amsar da sarkin Sin Qianlong ya aike wa sarkin Ingila George na Uku a 1793, yana nuna masa cewa ƙasarsa ba ta bukatar kayan da Ingila ke ƙerawa. Akwai wasiƙar da jami'in Sin Lin Zexu ya rubuta wa Sarauniya Biktoriya a 1839, yana tuhumar 'yan kasuwarta da shigo wa mutanensa da ofiyam mai sa maye. Na buga su biyun na raba wa 'yan aji biyar, na ce su karanta a jere. Sai da suka gama na faɗa musu cewa a 1842 Sin ta sha kashi a yaƙi, ta sa hannu a yarjejeniyar Nanjing, ta miƙa Hong Kong. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe ciniki ne ya fara kawo su, kamar yadda suka zo mana nan." Da kanta ta gano haka, daga takarda, kuma wallahi na ji daɗin ranar.

Sashen daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, shi ma abin a tsaya ne. An gina shi a kan wani dogon zane na ƙarni na 12, aikin Zhang Zeduan, mai tsawon fiye da mita 5. Kana bin zanen daga ƙauye har cikin birni: ga jirgin ruwa ana kokawar sauke sandarsa kafin ya daki gada, mutane sun yi cincirindo a sama suna leƙe, ga rumfunan abinci, ga raƙuma da lodi suna ratsa ƙofar gari sai ka ce ayarin fatake a Kanon da. Daga nan ake shiga bayanin kuɗin takarda da ɗab'i da albarushi. A waya ɗaya muka kalla, tana zagaya benci-benci.

Na Japan bai ɗauke ni lokaci ba. Rantsuwar sarki Meiji ta 1868 sharaɗi biyar ce kacal, na ƙarshen yana cewa a nemo ilimi a ko'ina cikin duniya. Darasi guda ya ishe ta.

Shawarata ga 'yan'uwa malamai ita ce ku tuna manhajar Amurka daban, tamu daban, don haka zaɓe za ka yi, ka kuma sassauta Turancin kafin ka kai aji. Hotunan na cin data, gara a sauke takardun lokacin da sabis ke da kyau a buga su. Mai neman satifiket don ƙarin girma ba zai samu a karatun kai-da-kai ba. Amma wanda ke son ya tsaya gaban yara ya san abin da yake faɗa, ya fara da wasiƙar Lin Zexu a wannan zangon.