Wata huɗu ina kai ɗan ƙanena cibiyar kula da yaran da suka ga tashin hankali

Shekararsa 10 aka kawo mini shi nan Bauchi daga wani ƙauye a yankin Alkaleri, bayan 'yan bindiga sun afka musu cikin dare. A daren mahaifinsa ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shi yaron ko ƙwarzane babu a jikinsa, kowa sai cewa yake alhamdu lillahi, ya tsira. Amma yaron da na sani da surutu kamar aku ya yi tsit. Fitsarin kwance ya dawo masa. In babur ya wuce ƙofar gida da dare, sai ya faɗa ƙarƙashin gado ya toshe kunnuwa. Maƙwabta suka ce iska ce ta taɓa shi. Mun yi rubutu, mun yi addu'a, har yau ba mu fasa ba. Wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu ce ta ce in haɗa da kai shi wata cibiya da wata ƙungiya ke gudanarwa kyauta. Ba zan faɗi sunanta ba don in rufa wa yaron asiri.

Ranar farko na shirya bakina tsaf zan zayyana abin da ya faru a gabansa. Malamar cibiyar ta ɗaga mini hannu a hankali, ta ce, "Hajiya, bar shi tukuna, ba sai ya faɗa ba." Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna ƙasa daidai da shi, ta ajiye farar takarda da fensir mai launi. Sati uku yana zana abu ɗaya: gida babu ƙofa. Ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. A sati na huɗu da kansa ya ce mata, "Sun ɓalle ta ne." Ina bakin taga na ji, hawaye suka zubo mini.

Ta koya masa wani numfashi da take kira hucin koko: ya ja iska ta hanci kamar mai sansana ƙamshi, ya hura ta baki sannu a hankali kamar mai huce koko mai zafi. Ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Ta dai ce in rashin barcin ya ci gaba, ko ya fara maganar mutuwa, za ta tura mu sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne zaman da ake yi da mu masu riƙon yaran. A nan na gane kuskurena: ina masa faɗa kan fitsari, ina ce masa namiji ba ya kuka. Aka ce mu daina, mu tsayar masa da lokacin cin abinci da na barci, mu mayar da shi makaranta da Islamiyya da wuri, kuma kada a riƙa kallon bidiyon kashe-kashe a waya a gabansa. A nan na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Shi ya sa suke nanata kada a jira sai yaro ya girma.

Akwai gyara, kuma na faɗa musu a gabansu. Kwana biyu kacal suke buɗewa a mako, mukan yi awa biyu ƙarƙashin bishiyar darbejiya muna jiran layi. Ɗakin yana bakin titi, ga ƙarar babura, abin da yaran suka fi tsoro ke nan. Duk ma'aikatan mata ne, na ga samari 'yan shekara 15 sun zo sau ɗaya ba su dawo ba, kunya ta hana su magana. Kuɗin Keke Napep kuwa ya sa wata baiwar Allah mai marayu uku ta daina zuwa. Tun Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ya kamata a ce irin wannan ɗaki yana cikin kowane asibitin sha-ka-tafi, ba sai uwa ta tsallaka gari ba.

Fitsarin ya ragu zuwa sau ɗaya a mako. Shekaranjiya babur ya wuce bayan isha'i, ya damƙe zanina da ƙarfi, amma bai shiga ƙarƙashin gado ba. Ya ce, "Goggo, tsaya, koko nake hucewa." Ranar Talata za mu koma.