Discogs da tantance kamfanonin da suka fitar da faifan mawaƙa

Duk mai tara tsofaffin faya-fayen garmaho ya san wahalar gane kamfanin da ya fara fitar da kundin waƙa da wanda ya rarraba shi a wata ƙasa. A nan shafin Discogs, wanda Kevin Lewandowski ya kafa a Amurka a shekarar 2000, ya fi yi mini amfani, domin kowane bugu yana da shafinsa, ɗauke da sunan kamfani, lambar faifai, ƙasa da shekara.

Na jarraba shi da kundin Zombie na Fela Kuti, wanda Coconut Records ya fitar a Najeriya a 1976, sannan Creole Records ya fitar a Ingila a 1977. Abin da ya fi burge ni shi ne ana rubuta har 'yan haruffan da aka zana a jikin faifan, dab da takardar tsakiya, waɗanda sai an karkata shi ga haske ake ganinsu, kuma da su ake rarrabe bugun asali da na baya.

Masu amfani da shafin ne ke shigar da bayanan, saboda haka kaset-kaset ɗin mawaƙan Hausa irin su Mamman Shata suna jiran waɗanda suka adana su su ɗauki hoton bangonsu su shigar.