Akuyar Najeriya a gidan zoo, da duhun da muka saya da dala 30

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da iyali da Inna. Ya ruwa? Ran nan ka tsokane ni a waya, ka ce kullum ina kukan komai na Amurka da kuɗi, wai shin babu abin da ake samu a banza? To ga labarin Asabar ɗin da ta wuce, 12 ga Agusta, 2023, sai ka yi alƙalanci da kanka.

Da hantsi muka kwashi yara muka nufi gidan zoo na birnin Washington, wanda ke hannun hukumar Smithsonian. Tun 1889 aka kafa shi, kuma ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Takardar shiga kawai za ka yanka ta intanet, ita ma kyauta, ka nuna a wayarka. Amma fa in ka zo da mota, kuɗin ajiye ta a ranar da muka je dala 30 ne. Ka buga da canjin Wapa ka gani. Don haka muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a Cleveland Park. Wani abokin aikina ne ya ba ni wannan sirrin, domin in ka sauka a Woodley Park, tashar da ke ɗauke da sunan zoo ɗin, tudu za ka yi ta hawa kana tura keken jariri.

Ina shiga na tuna Gidan Zoo na Kano ran yawon Sallah, da turereniya, da masu rake da awara da fiya wata, da masu hoto suna jan hannun rigarka. Nan babu ɗan talla ko ɗaya. Akwai famfunan ruwan sha da za ka cika gorarka ba ka biya ba, banɗaki da sabulu, har da teburin canza wa jariri. Ana barin mutum ya shigo da abincinsa, saboda haka uwargida ta cika kula da dafa-duka. Inda suka kama ni shi ne wajen askirim, uku na saya, na biya abin da zai sayi kaza a gida har da canji. Gaskiya tsarin ya burge ni, amma wurin shiru ne, babu wannan armashi namu na taro.

Kowa panda yake zuwa gani, wata dabba ce mai kama da beyar, fari da baƙi, wadda ba ta da aiki sai cin gora. Tun 1972 ƙasar Sin ta fara turo su nan, bayan ziyarar da Shugaba Nixon na Amurka ya kai can. Ukun da muka tarar aro ne, har ɗan da aka haifa a wannan gida a 2020 na Sin ne, kuma kafin ƙarshen 2023 za a mayar da su. Mun bi layi mun same su cikin ɗaki mai na'urar sanyi, mu kuwa gumi har cikin takalmi. Zaki barci yake yi, kamar na ko'ina. Wasu birrai jajaye manya kuma an ɗaura musu igiyoyin ƙarfe a sama, suna tsallakawa daga gida zuwa gida ta kan mutane.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma shi ne wani lungu da suke kira gonar yara. Shanu ne da jakuna da awaki, an kewaye su da katako mai fenti. Na duba allon da ke jikin shingen, sai na ga an rubuta gajeriyar akuyar Najeriya. Yaya, irin guntayen awakin nan ne na kudu, masu tumbi da gajerun ƙafafu. Gashinsu sai sheƙi yake, ga Turawa da 'ya'yansu sun yi dafifi suna ɗaukar hoto. Ɗaya ta zo ta ɗora haɓa a kan katako tana tuƙa, tana kallona kamar ta gane ni. Auta, da aka haifa a nan, ta maƙale a wurin ta ƙi tafiya, ta ce wannan ta fi zaki kyau. Ni kuwa jar akuyar Inna na tuna, wadda muke jifa da takalmi in ta kutsa cikin shanyar masara. Na gaya wa Auta cewa kakarta tana da irin wannan a tsakar gida, ta dube ni ta ce ashe Hajiya mai kuɗi ce.

Bayan la'asar muka koma gida, muka ɗauki mota da barguna muka kama hanyar dutsen Shenandoah a jihar Virginia, tafiyar kamar awa biyu da rabi. Dalili kuwa a daren ne ruwan taurarin Agusta, wato yawan yankewar taurari a sama, yake kai ƙarshen yawansa, kuma bana wata ya ƙanƙance, ba ya fitowa sai gab da asuba. A unguwarmu fitilu ba sa mutuwa, sama ja-ja take kwana, in ka ƙirga taurari ashirin ka yi ƙoƙari. A ƙofar dajin muka biya dala 30, takardar tana aiki kwana bakwai. Wato dai duhu muka je saye, abin da NEPA take raba mana kyauta tun muna yara.

Titin kan dutsen ba a wuce mil 35 a awa, kuma da dalili, don sau biyu barewa ta tsallaka gabanmu. Muka tsaya a wani fili da ake kira Big Meadows, muka yi magariba bayan ƙarfe 8, domin a wannan lokaci rana ba ta faɗuwa da wuri. Mutane sun shimfiɗa barguna ko'ina, kowa da jar tocila, saboda farin haske yana ɓata wa ido sabon da ya yi da duhu, kuma sai an yi kusan rabin awa kafin ya dawo. Babban yarona ya kunna waya, wata dattijuwa ta roƙe shi da ladabi ya kashe. Sanyi kuma ya sauko kamar na farkon hunturu.

Da farko ɗaya-ɗaya suke yankowa. Bayan sha biyun dare abin ya kankama, wani ya ja layi fari daga wannan gefe zuwa wancan ya bar hayaƙi a baya, filin gaba ɗaya ya ɗauki sowa. Wani ma'aikacin daji ya yi mana bayani cewa ba taurari ba ne suke faɗowa. Ƙura ce da tsakuwa da wata tauraruwa mai wutsiya, Swift-Tuttle, ta zubar a hanyarta. Ita tana zagaye rana sau ɗaya a shekara 133, rabonta da kusantowa tun 1992, duniya kuma duk Agusta sai ta ratsa ta cikin wannan shara. Yawancinsu ba su wuce ƙwayar yashi ba, amma suna shigowa da gudun kilomita 59 a daƙiƙa, sai su ƙone tun suna can sama. Ina saurare ina tuna Malam a makarantar allo yana fassara mana ayar Tabaraka ta jifan shaiɗanu, da Inna da take sa mu yi a'uziyya in tauraro ya yanke muna kwance a tabarma da bazara. Na ji bakina yana yi ba tare da na shirya ba. Wajen ƙarfe biyu Kaza da 'Ya'yanta ta hau sama ta gabas, na nuna wa yara, karon farko ke nan da suka gan ta.

Na san ku yanzu hadari ya rufe muku sama, shi ya sa ba mu taɓa lura da na Agusta ba. Amma akwai wani a daren 13 zuwa 14 ga Disamba, shi ma mai yawa ne. In hazo bai yi kauri ba, ka fitar da yara bayan gari, ko ka jira a ɗauke wuta ku hau soro. Ka gaishe da Inna, ka ce mata Auta tana roƙon hoton akuyar. Yajin da aka aiko ya kusa ƙarewa.

Ƙaninka, daga Maryland.