Kalkuletar Casio fx-991ES Plus da Yadda Take Tafiyar da Baka Biyu

Ga iyayen da ke shiga shagunan littattafai na Adum ko cikin kasuwar Kejetia a birnin Kumasi na Ghana domin saya wa 'ya'yansu kalkuletar jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, shawarata ita ce Casio fx-991ES Plus. Ina koyar da lissafi da yamma a Aboabo, kuma abin da ya sa nake fifita wannan na'ura bai wuce yadda take nuna baka biyu a fuskarta ba, domin a nan ne yaranmu suka fi zubar da maki.

A rubutun zube, baka biyu ƙarin bayani kawai take ɗauka, ana iya cire abin da ke cikinta jimla ta tsaya da ƙafarta. A lissafi kuwa ita ce ke faɗin aikin da za a fara yi, shi ya sa ta zo a farkon ƙa'idar BODMAS mai tsara jerin ayyukan lissafi. Wannan kalkuleta tana fito da dukan abin da yaro ya danna kamar yadda yake a littafi, kuma yana iya komawa baya da maɓallin kibiya ya gyara wuri ɗaya ba sai ya goge komai ba.

Misalin da nake fara nuna wa ɗalibai shi ne -3². Na'urar za ta ba da -9, saboda tana lissafa 3 sau 3 tukuna sannan ta ɗora alamar ɗebewa, amma idan aka rubuta (-3)² sai ta ba da 9. Yaron da ke neman b² - 4ac alhali b ɗinsa -3 ce, idan bai rufe lambar da baka biyu ba, duk aikin da ya biyo baya ya lalace ko da hanyarsa daidai ce. Ya kamata kuma mai shirin aikin ofis ya sani cewa manhajar Excel ta saɓa da wannan, domin a can =-3^2 tana ba da 9.

Akwai wani hali nata da ke da amfani da kuma haɗari. Da zarar an danna sin, ko log, sai ta buɗe baka da kanta, kuma ba ta tilasta a rufe ta idan lissafin ya ƙare a nan. Wannan yana rage ɓata lokaci. Sai dai wanda ke son sin(30) + 1, wato 1.5, idan ya manta bai rufe ba, na'urar za ta haɗa 30 da 1 ta nemo sin na 31, ta ba shi kusan 0.515 ba tare da wani gargaɗi ba. A ganina wannan ne babban rauninta, kuma maganinsa kawai malami ya saba wa yara rufe duk bakar da aka buɗe.

Haka nan 6÷2(1+2), wanda aka daɗe ana gardama a kansa a intanet: wannan na'ura tana ba da 1, domin tana fifita ninkin da ba a rubuta alamarsa ba, Google kuma ya ba da 9. Ni dai ina hana ɗalibaina rubuta lissafi haka. Su ƙara baka biyu har manufarsu ta fito fili.

Tana aiki da hasken rana da kuma ƙaramin batir, ba a iya shigar mata da shiri, don haka ta dace da sharaɗin WAEC na shiga ɗakin jarrabawa. Jabunta sun yi yawa a kasuwa, na ga wadda maɓallanta ke maƙalewa tun tana sabuwa, saboda haka mai saye ya gwada misalan nan a gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗinsa.