Google Cloud Vision a hannun mai talla: idonsa na gani, amma bai san gida ba

Mutum zai ɗora hoton walima a Instagram, ga kwalaben lemo jere a kan tebur, amma bai rubuta sunan kamfanin a ƙasan hoton ba. Duk mai bibiyar rubutu kaɗai ba zai taɓa sanin an sha kayansa a wurin ba. Wannan giɓi ne ya sa masu talla suka koma karanta hotuna da na'ura, kuma Cloud Vision, manhajar gane abin da ke cikin hoto da Google ya buɗe wa jama'a a 2016, na cikin hanyoyi masu sauƙin kuɗi.

Ka tura masa hoto, ya dawo maka da abin da ya gani: sunayen abubuwa (kwalba, mota, taro, abinci), tambarin kamfani, rubutun da ke jikin kaya ko allo, launukan da suka fi yawa, da yanayin fuska, ko fara'a ko ɓacin rai. Kusan kowace amsa tana zuwa da maki daga 0 zuwa 1, gwargwadon tabbacinsa. Shawara: duk tambarin da makinsa bai kai 0.7 ba, a ware shi a duba da ido.

Kuɗin ba na tashin hankali ba ne. Hotuna dubu ɗaya na farko a wata kyauta ne, daga nan yawancin ayyukan dala 1.50 ne kan kowane dubu. Inda ake tuntuɓe shi ne lissafi: kowane aiki da kuɗinsa. In ka ce a nemo tambari, a karanta rubutu, a faɗi abubuwan da ke ciki, hoto ɗaya ya zama aiki uku ke nan. Girman hoton kada ya gaza ɗigo (pixel) 640 da 480, in kuma rubutu ake son karantawa, gara 1024 da 768. A turawa ɗaya yana karɓar hotuna har 16.

Amma shi ba ya tattaro maka hotuna, kuma nan ne aikin yake. Tun bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook, a 2018, Instagram ya matse ƙofa: asusu ɗaya ba ya bincika hashtag sama da 30 cikin kwana 7. Hotunan WhatsApp kuwa, inda 'yan kasuwarmu suka fi baje kolin atamfa da turare, babu hanyar shiga. Sannan sai da mai rubuta manhaja, don amsar tana fitowa ne a tsarin da kwamfuta ke karantawa, ba jadawali mai kyan gani ba. Wanda ke son komai a dafe sai ya nufi kamfanonin bibiyar kafafen sada zumunta irin su Brandwatch ko Talkwalker, ya shirya aljihu.

Wajen tambari, manyan kamfanonin duniya irin su Coca-Cola da Nike ba sa ba shi wahala, muddin tambarin ya fito sarai. Da hannu ya rufe rabin kwalba, ko leda ta yamutse, ko an ɗauki hoton da daddare a hasken waya, sai maki ya faɗi. Ƙaramin kamfanin yaji ko ruwan leda kuwa, da wuya ya san shi. Dabarar ita ce a bar neman tambari a koma karanta rubutu, a nemo sunan kayan a jikin leda. In hakan bai wadatar ba, sai a horar da na'ura ta musamman a Vertex AI, dandalin Google na horar da na'ura, da ɗaruruwan hotunan kayan, daga gaba, daga gefe, a rana da a inuwa.

Sunayen da yake bai wa abubuwa ma na gama-gari ne, kuma da Turanci. Kada ka sa ran ya bambance maka tuwo da sakwara, ko babbar riga da jallabiya; "abinci" da "tufafi" za ka fi gani. Tun 2020 ma Google ya daina laƙaba wa hoto "namiji" ko "mace", don haka wanda ke son sanin su wa ke sayen kayansa sai ya ƙirga da kansa.

Maganar fara'a a fuska, a yi hattara. Kowa na murmushi a hoton biki, wannan ba shaida ba ce cewa lemon ne ya yi masa daɗi. Abin da ya fi amfani shi ne inda kayan ke bayyana: a mota, a ofis, a wurin ɗaurin aure, da abin da ake haɗa su da shi. Fuskokin mutane kuma bayanan sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, saboda haka a adana alƙaluma, a goge hotunan da zarar an gama.