Azure Service Bus da hamzar Jama'are

Tsarin rarraba odar wani kamfanin sayar da takin zamani muka ɗora a kan Azure Service Bus, manhajar Microsoft mai isar da saƙonni tsakanin manhajoji, kuma zuwa yanzu ɓangaren tace saƙonninsa ya ci kuɗinsa. Kowace oda tana shiga Topic guda, wato matattarar saƙonni, kowane rumbun ajiya yana da nasa Subscription, wato akwatin da yake karɓar rabonsa daga Topic ɗin, sai sharaɗin tacewa ya duba sunan ƙaramar hukumar da aka manna wa saƙon ya miƙa shi inda ya dace. Ba ya leƙa cikin saƙon, bayanan da ke manne a gefensa kawai yake karantawa. Sai dai ka kasance a matakin biyan kuɗi na Standard ko Premium, domin Basic ba shi da Topic.

Da salon SQL, yaren tambayar ma'ajiyar bayanai, ake rubuta sharaɗin: `kh = 'Katagum'`, inda `kh` shi ne filin ƙaramar hukuma. Lafiya lau. Matsa gaba kaɗan cikin jihar Bauchi zuwa Jama'are, nan labari ke sauyawa. Alamar da SQL ke buɗe zance da rufe shi da ita, ita ce dai muke rubuta hamza da ita. Rubuta `kh = 'Jama'are'`, na'ura za ta ɗauka suna ya ƙare a Jama, sauran kuwa shirme ne. Ga Bature wannan sai jefi-jefi, idan wani O'Brien ya gifta. Mu kuwa ga Jema'a a Kaduna, ga Asma'u da Sa'adu da Ja'afar cikin masu saye, ga 'Yankaba da hamzarta tun daga farko.

Abin da ya burge ni shi ne, tun wajen ƙirƙirar sharaɗin ake ƙin karɓar gurguwar jimla, ba a bari sai kaya sun hau hanya. Maganin kuma ba sabo ba ne: ninka alamar, `kh = 'Jama''are'`. Haka dokar take a masu zaɓen saƙo na JMS, ƙa'idar aika saƙo ta Java, don haka wanda ya saba da ActiveMQ, manhajar isar da saƙo mai bin wannan ƙa'ida, bai da abin koyo. Wanda hannunsa ya saba da JavaScript zai so sa karkatacciyar sanda, `\'`, amma a nan ba ta aiki.

Tarkon da ya fi ban tsoro shi ne alamar zance mai biyu. `kh = "Jama'are"` ya yi kyau a ido, amma a ƙa'idar Service Bus abin da ke cikin alamar mai biyu sunan fili ne, ba ƙima ba. Kenan ana kwatanta `kh` da filin da babu shi, sharaɗi ba zai taɓa cika ba, kuma saƙon da bai dace da kowane Subscription ba babu inda ake ajiye shi. Shiru kake ji, sai waya daga rumbu: ina odarmu?

Sauran wahalar ba ta Service Bus ba ce, ta hanyar da jimlar ke bi ce kafin ta isa gare shi, kowane zango da harajinsa. A Bash, wurin buga umarni na Linux, in ka lulluɓe jimlar da alamar zance guda, zai cinye na ciki duka ya bar maka Jamaare tsirara. Lulluɓe da mai biyu ka huta. A PowerShell, takwaransa na Microsoft, cikin alama guda, kowace biyu komawa ɗaya take yi, sai ka jera huɗu a tsakiyar suna. Bicep kuwa, yaren tsara kayan Azure, sanda yake so gaban kowacce: `'kh = \'Jama\'\'are\''`. Wa zai karanta wannan da daddare bai yi kuskure ba?

Shi ya sa na daina haɗa jimlar da hannu. `SqlRuleFilter`, abin da ake gina sharaɗin SQL da shi a cikin manhaja, yana karɓar `kh = @kh`, sannan ka ba shi ƙimar daban ta `Parameters`, hamza ta wuce ba wanda ya taɓa ta. Wannan kuma ya toshe ƙofar mai shigar da `' OR '1'='1` a gurbin suna don ya kwashi saƙonnin kowa. Inda daidaito kawai ake nema, `CorrelationRuleFilter` ya fi: babu jimla sam, ya fi sauri, kuma Topic guda na ɗaukar irin wannan sharaɗi 100,000, alhali na SQL 2,000 ne iyakarsa, kowace jimla kuma ba ta wuce haruffa 1,024.

Akwai abin da duk wannan bai warkar ba. Wayoyi da yawa suna lanƙwasa hamza da kansu, su rubuta harafi mai lambar Unicode U+2019 maimakon U+0027, wasu madannan Hausa kuma U+02BC suke bayarwa. A ido duk ɗaya ne, ga sharaɗi kuwa garuruwa uku ne daban. Abokin ciniki daga Maraɗi ma da ƴ zai rubuto abin da mu muke rubutawa 'y. Daga baya lamba muka ba kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 774, muke tacewa da ita, sunan ya zama na nunawa a allo kawai.

In ka sa sharaɗi ka ga rumbu na karɓar odar kowa, duba sharaɗin da ake kira `$Default`. Subscription da aka buɗe ba tare da sharaɗi ba da shi yake zuwa, `1=1` ne a cikinsa, kuma muddin ba ka goge shi ba komai wucewa zai yi.