Redmi Note 13 ko Samsung A25: sati biyu ina jujjuya su kafin in zare kuɗina

Salamu alaikum jama'a. Mutane da yawa sun tambaye ni wace waya na saya daga ƙarshe, to ga bayanin nan gaba ɗaya, mai buƙata ya karanta a natse don ni ma ban yi gaggawa ba.

Ni sana'ata kayan fata ce, takalma da jakunkuna da walat, ina sarowa wurin mutanenmu na Madunka in ɗauki hoto in sa a status da Facebook, masu saye kuma yawancinsu ba su taɓa ganin fuskata ba, wasu Abuja wasu Kaduna wasu har Legas. To ka ga waya a wurina ita ce shagon, ita ce kuma akwatin kuɗin. Tsohuwar wayata ta yi shekara 4 a hannuna, a bazarar da ta wuce batirinta ya kumbura har murfin baya ya ɗaga, wanda duk ya san zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu lokacin da ake haura digiri 40 kusan kullum ba zai yi mamaki ba. Na lallaɓa ta da roba na ɗan lokaci, daga baya mai gyara ya ce min malam ka daina sa wagga a aljihu, haɗari ce.

Kuɗin da na tara ba su kai na manyan wayoyi ba, kuma ban son in koma can ƙasa, sai na tsaya kan guda biyu da sunka fito kusan lokaci guda: Samsung Galaxy A25 5G da ta fito a Disamba 2023, da Redmi Note 13 ta kamfanin Xiaomi, mai 4G ɗin, da ta fito a Janairu 2024. A kula da wanga, Note 13 kala-kala ce, akwai 4G akwai 5G akwai Pro akwai Pro+, kuma cikinsu ba ɗaya ba ne, ni 4G nake magana a kai.

Ranar farko da na zaga shagunan waya na wajen titin Emir Yahaya, yaron shagon yana miƙo min kwalin Redmi abin da ya fara cewa shi ne, yaya wagga kyamararta megafiksel 108 ce, waccan 50 ce kawai, ka ga ta ninka ta. Kuma gaskiya haka anka rubuta a kwali. Amma ban saya ranar ba, don na yi sa'a ƙanena yana riƙe da Note 13, abokina kuma da muke jere da shago yana da A25, sai na roƙe su na riƙa aron wayoyin ina ɗaukar kaya iri ɗaya da su, da rana da kuma bayan magariba.

Abin da na fara ganowa shi ne maganar 108 da 50 ɗin nan ba yadda muke ɗauka take ba. In ka buɗe kyamara ka danna kawai yadda kowa ke yi, Redmi haɗe ɗigo 9 take yi su zama 1 ta ba ka hoto mai megafiksel 12, Samsung kuma tana haɗe 4 su zama 1 ta ba ka 12 da rabi. Wato hoton da za ka tura wa mutum kusan girmansu ɗaya, sai fa in ka shiga ka zaɓi cikakken 108 ɗin da kanka, shi kuma yana cin wuri sosai, sannan WhatsApp zai matse shi in ka tura shi a matsayin hoto. Inda 108 ɗin ya yi min amfani na gaske shi ne zuƙowa sau 3, na tsaya daga nesa kaɗan na zuƙo ɗinkin bakin jaka, zaren ya fito ɗaya bayan ɗaya tsaf, wallahi ya burge ni, don mai sayen kayan fata da ya san abin da yake yi ɗinki yake fara dubawa.

Da rana tsaka a inuwar rumfa duk biyun sun yi kyau, ba zan zalunci ko ɗaya ba. Matsalata kullum ita ce jar fata. Fatar jar akuyarmu in anka jeme ta anka rina, janta yana da wani duhu-duhu mai nauyi, waya kuma tana son ta ƙara mishi haske ya koma kamar jan roba, sai kaya ya isa Abuja Hajiya ta kira ta ce ɗana ba wanga launi na gani a hoto ba. A idona duk biyun suna ɗan ƙara armashin launi, sai na rage hasken da yatsa kafin in danna sannan ya dawo daidai, saboda haka a nan ban ba kowa maki ba.

Bayan magariba ne sunka rabu. Shagonmu ƙwan sola guda ne, haskensa ba yawa, kuma lokacin ne masu saye ke dawowa daga aiki su fara cewa turo min bidiyon wancan takalmin, juya min shi in ga ƙasan. Babbar kyamarar A25 tana da abin da ake ce wa OIS, wato gilashin kyamarar da kansa yana ɗan motsawa ya rama rawar hannunka, Note 13 ba ta da shi. Na ɗauki hoto goma-goma da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da takalmi, na Samsung kusan duka sun fito a tsaye, na Redmi sai na zaɓa na zubar da wasu. Bidiyo ma haka, A25 tana kaiwa 4K, Note 13 iyakarta 1080p. Ni 4K bai dame ni ba don wa ke da datar tura shi, amma rashin girgizar nan shi ne abin da nake nema tun da daɗewa. Sauran ƙananan kyamarorin, mai faɗi ta 8 da ƙaramar nan ta 2, duk biyun suna da su kuma ba su ne za su sa ka zaɓi wata ka bar wata ba. Ta gaba kuma 16 a Redmi, 13 a Samsung, masu son selfi sai su gwada da kansu.

To amma in ka riƙe su a hannu ba tare da ka buɗe kyamara ba, Redmi ce za ta fara sace maka zuciya, wanga gaskiya ne. Sikirinta inci 6.67, baƙin gefen siriri, kyamarar gaba ɗan rami ne kawai, wurin sa yatsa yana cikin gilashin, kai ka ce wayar manya ce. A25 inci 6.5, da ɗan lotsawar nan a sama irin ta wayoyin da, haɓarta ta ƙasa mai kauri, wurin yatsa a gefe kan maɓallin kunnawa, ga ta ta ɗan fi nauyi. Sikirin duk biyun irin AMOLED ne masu 120Hz, santsin jan shafi ɗaya. Maganar haske a rana, Xiaomi sun rubuta nit 1800, wato ma'aunin hasken sikirin, Samsung sun rubuta 1000, sai dai ba awo iri ɗaya ba ne, na farkon ƙololuwar da wani ɗan yanki na sikirin ke iya kaiwa ce. Na fita da su filin rana wajen ƙarfe 1 bayan azahar ta gabato, duk biyun na karanta saƙo ba tare da na kare da tafin hannu ba, kuma a garin nan wanga shi ne gwajin.

Wani abu da ya kusa juyar da ni gaba ɗaya zuwa Redmi shi ne ƙura. Note 13 tana da shaidar IP54, lambar 5 ɗin kariya ce daga ƙura, 4 ɗin kuma daga fantsamar ruwa, ba wai ka jefa ta a randa ba. A25 ba ta da wagga shaida ko kaɗan. Wanda ya taɓa hawa kabu-kabu daga Dandima zuwa Mabera a tsakiyar hunturu ya san yadda ƙura ke shiga har cikin haƙora, balle ramin caji da na sifika. Na daɗe ina tunani a nan.

Sai caja. Batir ɗinsu ɗaya, 5000mAh, kuma a amfanina duk suna kai ni dare in ban wuce gona da iri da TikTok ba. Redmi tana zuwa da kan caja mai 33W a cikin kwali har da rigar waya ta roba, ka buɗe ka fara aiki. Samsung 25W take ɗauka kuma igiya kaɗai ce a kwalin, igiyar ma bakinta biyu duk Type-C ne, ba za ta shiga tsohon kan cajar da ke gidanka ba. Saboda haka in kana lissafin kuɗin A25 ka ɗora kuɗin kan caja mai kyau da riga a kai, ga shi dama ita ta ɗan fi tsada a shagunan da na tambaya. Kuma don Allah kar mutum ya sayi waya mai tsada ya je ya haɗa ta da cajar ɗari biyar ta bakin titi, mu da wuta ke zuwa da ƙarfi ta koma ba sallama, wani lokaci a janareto ko wurin masu caji muke sawa. A yanayin da za a kawo wuta ta minti arba'in a ɗauke, saurin Redmi yana da rana, ko da ratar ba wata mai yawa ba ce.

Tunda zafi ne ya kashe min tsohuwar, na tambayi mai gyaran nan sosai. Ya ce yaya ba ruwan zafi da sunan kamfani, batir duk batir ne, abin da ke cinye shi shi ne caji cikin zafi, mutum ya sa waya a caji ƙarƙashin filo ko a kan dashbod ɗin mota da rana, ko yana caji yana kallon bidiyo. Ya kuma gargaɗe ni cewa sikirin AMOLED na asali yana da tsada a duk biyun, in ya fashe anka sa maka na arha to haske da launin sun tafi, don haka gilashin kariya tun ranar farko.

5G kuwa, kar ya zama shi ne dalilinka sai ka bincika. MTN sun fara shi a 2022 a garuruwa irin su Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri, Airtel sunka biyo baya a 2023. Kafin ka biya kuɗinsa ka tambayi wani a shiyarku mai irin wayar ko alamar ta taɓa fito mishi. Ni na ɗauke shi a matsayin ajiya don gaba da kuma in tafiya ta kama ni. Injin ciki dai na A25, Exynos 1280, ya fi Snapdragon 685 na Redmi ƙarfi, masu gem za su fi jin bambancin, a WhatsApp da manhajar banki kuwa duk suna tafiya lafiya lau.

Abin da ya yanke min hukunci daga ƙarshe lissafin shekaru ne. Ni ba mai canja waya duk sallah ba ne, yadda dala ta tashi tun 2023 ma wa ke iya wannan. A25 ta fito da Android 14 kuma Samsung sun yi alkawarin sabunta Android sau 4 da gyaran tsaro na shekara 5 daga fitowarta. Note 13 da Android 13 ta fito, wato tun daga farko tana baya da taki ɗaya. Duk kuɗin cinikina ta cikin wayar nan suke bi, alat, tiransifa, lambobin sirri, to ina son wadda za a ci gaba da toshe mata ɓaraka har in gama cin moriyarta. Ga kuma tallace-tallacen da ke fitowa a wasu manhajojin Xiaomi na cikin waya, ana iya kashe su a saiti, ƙanena ya kashe nashi, amma sai ka zauna ka bi su ɗaya-ɗaya.

Na sayi A25 mai RAM 8GB da wurin ajiya 256GB. Kafin in biya na danna *#06# na gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali sunka yi daidai, na tabbatar a gabana anka yanke hatimin kwalin, na karɓi rasit mai hatimin shago, na sayi kan caja na asali a nan take. Ku lura kuma duk wayoyin biyu ramin sim na biyu shi ne na memori, ko layi biyu ko layi ɗaya da memori, shi ya sa na daure na ɗauki mai 256 tunda layi biyu nake amfani da su. Ramin iyafis na da yana nan a duk biyun, sifika ma biyu-biyu ne.

Da ƙanwarmu da ke karatu a jami'ar Danfodiyo ta tambaye ni wacce za ta saya, Redmi na ce mata ba tare da wani dogon tunani ba, don ita karatu ne da kallo da hoton rana, babban sikirin zai yi mata daɗin karanta handawut, caja na ciki, ragowar kuɗin kuma ta sayi pawa bank saboda hostel. Ta ce yaya to kai mi ya sa ba ka saye ta ba, na nuna mata bidiyon wata jaka da na ɗauka jiya da dare a shago da hannu ɗaya, wanda Hajiyar Abuja ta gani ta turo kuɗin guda uku kafin in rufe. Maganar ƙura kuma na sayi riga mai murfin ramin caji, kuma duk Juma'a ina bin sifikar da busasshen burushi.